Gurbi Ɗaya a Ɗakin Madubi

"Ban ce yaron banza ba ne," in ji Abba. "Kada ki sa min magana a baki."

Auta tana durƙushe gefen kujerarsa, kanta a sunkuye, tana ta murɗa bakin mayafinta kamar shi ya yi mata laifi. Ita ce ƙarama a gidan, sunan kuwa ya bi ta har jami'a. Ta gama digiri na biyu a fannin tsirrai, amma har masu gadin sashensu da Auta suke kiranta.

"To Abba, mene ne aibinsa?"

"Aibinsa ɗaya ne. Ɗan kwantiragi ne."

Wannan shi ne sunan da Abba ya laƙaba wa Malam Dogo, mutumin da Auta take so kamar ta cire ranta ta ba shi. Dogo yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen sashen, ƙarƙashin wata tsohuwar Farfesa. Aiki ne na wucin gadi. Duk ƙarshen shekara sai an sabunta masa, shi ma in masu ɗaukar nauyin binciken sun ga dama. Bana kuwa sun riga sun ce ba za su ƙara ba.

Abba ba mugu ba ne, kada mai karatu ya ɗauki alhakinsa. Shi ma da irin wannan aikin ya fara rayuwa a wani kamfani, har wata safiya ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ga Umma da tsohon ciki a gida. Yaran gidan duk sun haddace labarin, sun san ma daidai wurin da yake tsayawa ya yi tsaki.

"Na faɗa masa, ina kuma ƙara faɗa miki," ya ci gaba. "Ranar da ya samu aiki na dindindin, ranar zan saurari manyansa. In wannan shekarar karatun ta ƙare bai samu ba, magana ta mutu. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da bai san ko baɗi yana da albashi ba."

Umma ta leƙo daga ƙofar kicin.

"Haba Abban Auta, a dinga bin yarinya a hankali mana."

"A hankalin nake bin ta. Da ba haka ba da tuni na rufe zancen."

Sai ga sallama. Ƙamshin turare ne ya fara shigowa, mai shi ya biyo baya.

Injiniya ke nan, ɗan aminin Abba, mai aikin dindindin da mota mai sanyi. Ya daɗe yana neman Auta, ita kuma ta daɗe tana kiransa Yaya don ya san matsayinsa, amma ya ƙi ganewa. Shi ne ya taɓa tambayarta, wai mene ne amfanin mace ta wuni tana leƙen saiwar ciyawa.

Yau bakinsa har kunne. Ya gaishe da Abba, ya gaishe da Umma, ya zaro waya daga aljihu.

"Abba, albishir na kawo. Jami'a ta buɗe gurbin aiki a sashen su Auta. Jami'in bincike, na dindindin, har da fansho. Wanda zai kula da sabon madubin nan da suka sayo na ganin ƙwayoyin halitta."

Auta ta daina murɗa mayafin. Ta san da zancen gurbin tuntuni, ta binne shi a cikinta, ko Umma ba ta gaya wa ba.

Injiniya ya gyara murya yana karantawa.

"Suna son mai digiri na biyu. Wanda ya iya shirya samfur mai rai ya ɗora a madubi. Ya iya lissafin sakamako a kwamfuta, ya iya rubuta rahoton bincike, ya kuma iya koyar da ɗalibai." Ya ɗago kai. "Abba, wannan ai kamar auna ta aka yi aka ɗinka. Ni dai a ra'ayina bai kamata a bar ilimin mace ya lalace a ɗaki ba."

Ikon Allah. Mai raina saiwar ciyawa yau shi ne lauyan ilimin mata. Auta ta gane lissafinsa tun kafin ya rufe baki. Gurbin ɗaya ne tak. In ita ta samu, Dogo bai samu ba.

Abba ya juyo a hankali.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Abba."

"Kika yi shiru."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Shi ɗan kwantiragin ya nema?"

"Ya nema."

"Madalla. Ke ma gobe ki nema. In ya isa ya ci, ni ba zan hana shi ba, kuma ba zan saɓa alkawarina ba. Amma ban ƙarar da ƙarfina a kan karatunki don ki yi kyauta da shi ba. In na ji labarin kin janye masa, ban yafe ba."

Umma ta saki ludayin hannunta. Injiniya ya mayar da wayarsa aljihu, yana kallon silin kamar ba shi ya kunna wutar ba.

*

Washegari da la'asar, bayan ɗalibai sun watse, Auta ta sami Dogo a ɗakin gwaje-gwaje.

Wurin shiru, sai gurnanin firji. Ƙananan tsirrai suna jere cikin farantan gilashi ƙarƙashin farar fitila, kowane da lambarsa. Dogo yana tsaye yana duba su. Farar rigar aikinsa ba ta taɓa kai masa wuyan hannu ba, duk wadda aka ba shi sai ta yi masa kaɗan.

A ƙarshen ɗakin akwai wata ƙofa mai kauri. Bayanta sabon madubin yake. Ɗaki ne marar taga, mai sanyi, sai an cire takalmi ake shiga. Teburin da na'urar take kai ma ba na wasa ba ne, a kan iska yake zaune, don ko babbar mota ta wuce a titi kada ya girgiza. Farfesa ce kaɗai mai makulli. Auta ba ta taɓa ganin cikinsa ba sai ta bayan kafaɗarta.

"Sun sani," ta ce. "Abba ya ce dole in shiga."

Dogo ya ajiye farantin hannunsa.

"Da ma ban so kika ɓoye ba."

"Malam, ka gane abin da nake faɗa kuwa?"

"Na gane. Ki shiga."

"In na ci fa?"

"Kin ci ke nan."

Nan ta fashe da kuka. Ta zauna a kan doguwar kujerar aiki, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Ni ba na son aikin. Kai nake so."

"Rabin maganar nan gaskiya ce," ya ce, yana ɗan murmushi. "Na ga fuskarki ranar da aka buɗe akwatunan madubin nan. Ni tunda muke ban taɓa samun irin wannan kallon daga wurinki ba. Har kishi na yi."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka, ta ƙara jin haushinsa.

"Kai komai wasa. Ana maganar rabuwarmu kana zolaya."

"In ban yi zolaya ba kuka zan yi, kuma kin riga ni kama kujerar."

Ta share ido, ta yi ƙasa da murya.

"Zan shiga, tunda Abba ya ce. Amma ai hannu yana iya rawa. Kowa hannunsa yana rawa ranar jarrabawa."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

"Ban da naki."

"Malam..."

"Ni na koya wa hannun nan aiki, Auta. Kin manta lokacin da nake sa ki tsamo silin gashi daga ruwa da hantsaki, ki shimfiɗa shi a gilashi, ki sake, ki sake, har kika ce ni azzalumi ne? Na san abin da hannunki yake iyawa fiye da ke. In kika ɓata da gangan zan gane."

"To sai me in ka gane?"

"Sai kullum in na zauna gaban madubin nan in san kujerar wa nake kai. Kina so in aure ki ina sunkuyar da kai?"

"Gara ka aure ni kana sunkuyar da kai, da in rasa ka."

"Kada ki ce haka."

"Wallahi gara haka. Ka san Yaya Injiniya yana nan ya kasa ya tsare. Ka san ba zan yi aure ba da albarkar Abba ba. Ina kake so in sa kaina?"

Ya juya mata baya, ya daɗe yana gyara farantan da ba su karkace ba. Da ya juyo idanunsa sun yi ja.

"Shekara da shekaru ina jiran gurbi irin wannan. Ba ya fitowa sai wani ya yi ritaya ko ya mutu. Ina son sa, ina kuma son ki, ba zan yi miki ƙarya ba. Zan yi iyakar ƙoƙarina in kayar da ke. Ki yi min alkawari ke ma za ki yi naki."

Ta gyaɗa kai.

Kai kawai ta gyaɗa. A zuciyarta ba ta yi alkawarin komai ba, ta ma riga ta gama shirya yadda za ta faɗi.

*

Masu neman gurbin sun yi yawa, daga jami'o'i daban-daban. Aka yi jarrabawar rubutu, aka yi ta lissafi a kwamfuta, aka yi intabiyu. A waɗannan Auta ba ta yi wasa ba, don in ta faɗi tun da wuri Abba zai sha jinin jikinsa. Aka tankaɗe aka rairaye, sai ya rage su biyu, ita da Dogo. Saura gwajin ƙarshe, a ɗakin madubi.

Ranar gwajin Injiniya ne ya kawo ta a motarsa, bisa umarnin Abba.

"Ki natsu ki ci," ya ce da za ta fita. "Duk gida muna bayanki."

"Na ga alama, Yaya."

Dogo ya riga ya yi nasa da safe. Yana zaune a benci a baranda, ya ɗaga mata hannu, ita kuwa ta kasa kallonsa.

Farfesa ce ta tarbe ta a bakin ƙofa. Gajeriyar mace ce mai furfura, tabarau yana rataye a wuyanta da igiya, ba ta san wani abu wai shi murmushi ba. Ɗalibai suna cewa tsirran ɗakinta don tsoro suke miƙewa.

"Takarda kowa yana da ita," ta ce. "Ba ita na zo gani ba yau. Ga tsiro nan, saiwarsa tana da rai, an riga an sa mata rini. Ki ɗauke ta, ki shimfiɗa a gilashi, ki nemo wurin da take girma, ki ɗaukar mana hoto mai kyau. Ni da 'yan kwamiti muna ɗakin gefe, duk abin da madubin ya gani muna gani a allo. Kina da tambaya?"

"Babu, ranki ya daɗe."

Ta cire takalmi ta shiga. Ƙofar ta rufe a bayanta.

Saiwar ba ta kai silin gashi kauri ba. Auta ta ɗauko ta da hantsaki, ta kwantar da ita cikin ɗigon ruwa a kan gilashi, ta sauke wani siririn gilashin a kai, a karkace, sannu a hankali, yadda ko ƙwayar iska ɗaya ba ta maƙale ba. Hannun ya yi aikinsa ba tare da ya nemi shawararta ba.

Shirinta mai sauƙi ne. Ta ɗan danna gilashin saman da babban yatsa, saiwar ta murƙushe. Kuskure ne da ɗalibai suke yi kullum, babu wanda zai ce komai sai dai tsoro ne ya kama ta.

Ta ɗora yatsan.

Sai ta kalli na'urar, tana tsaye cikin duhu da ɗan koren haskenta. Daga gobe ɗakin Dogo ne. Ita kuma ba ta taɓa sa idonta a ciki ba, ko sau ɗaya.

Bari in leƙa kawai, ta ce a ranta. Kallo ɗaya, sai in ciro in danna.

Ta janye yatsan, ta ɗora gilashin a mazauninsa, ta sa ido, ta murza abin saiti.

Da farko hazo ne kore. Ta ƙara murzawa kaɗan.

Sai hoton ya fito sarai.

Ƙwayoyin halitta ne, jere a layi-layi kamar bulo a jikin katanga, kowace da bangonta, kowace da haske a tsakiyarta. Ta san su a zanen littafi. Ta san su a matattun samfura da aka busar aka ajiye tun kafin ta shigo jami'a. Amma waɗannan suna da rai. Abin da ke cikinsu yana zagayawa a hankali, yana kai kawo, kowa da harkar gabansa, a cikin abin da ɗazu ta kusa kashewa da yatsa.

Ta gangara zuwa bakin saiwar, inda girma yake faruwa. A nan ta gan ta.

Ƙwaya ɗaya ce, ta fi 'yan uwanta haske. Zaruruwan da ke ɗauke da gadon tsiron duk sun taru sun yi sahu a tsakiyarta, sun tsaya cik. Auta ta san abin da wannan yake nufi. Ta sha rubuta shi a jarrabawa, ta sha koya wa ɗalibai shi a allo da alli. Ƙwayar tana shirin zama biyu.

Zaruruwan suka ɗan yi rawa.

Sai suka rabu.

Rabi suka nufi sama, rabi suka nufi ƙasa, a tare, a natse. Babu wanda ya kira su, babu wanda ya ƙirga su, kuma ko ɗaya bai ɓace hanya ba.

"Subhanallahi," ta ce, ba ta ma san ta faɗa ba.

Wato wannan yana faruwa yanzu haka a cikin ciyawar da ke bakin kwata, wadda mutane suke takawa su wuce. Yana faruwa a bishiyar ƙofar gidansu. Ya faru a jikinta ita kanta tun tana cikin Umma, sau adadin da babu mai iya lissafawa, shiru, babu ko ƙara, har ta zama mutum mai ido da za ta zo ta zauna ta gani. Ta ji ta zama 'yar ƙanƙanuwa, ta kuma ji wani irin daɗi da ba ta san sunansa ba.

Saiwar mai rai ce, tana ci gaba da tsawo, don haka hoton yana ta neman zamewa ya koma hazo. Yatsun hagunta suka bi shi, murza kaɗan, tsaya, murza kaɗan, abin da bai kai numfashi ba. Hannun damanta ya riga ya danna maɓallin ɗauka. Yaushe? Ba ta sani ba.

Hawaye ya taru mata. Ta ƙi ƙiftawa don kada ya ɗiga a gilashin ido, ta ɗan karkata kai ya bi ta gefe.

A tsakiyar ƙwayar wani siririn layi ya fara bayyana. Sabon bango ne. Daga tsakiya ya faro, yana faɗaɗa dama da hagu, a hankali, a hankali, har ya taɓa tsohon bangon ta kowane gefe. Inda ɗazu ƙwaya ɗaya take, yanzu biyu ne, kowace da cikakken gadonta.

A duk tsawon wannan lokacin ba ta tuna da Abba ba. Ba ta tuna da Injiniya ba. Gaskiya mai ɗaci ita ce, ko Dogo ba ta tuna ba.

Fitilar ɗakin ta kama.

Auta ta ɗago a firgice, wuyanta ya sage. Farfesa tana tsaye a ƙofa.

"Lokacinki ya ƙare tun ɗazu," ta ce. "Babu wanda ya iya tashi ya tsayar da ke."

Ta ƙofar da ke buɗe Auta ta hango 'yan kwamitin. Duk sun bar kujerunsu, suna tsaye gaban allo. Wani dattijo da aka gayyato daga wata jami'a ya cire tabarau yana goge ido da hankici.

Sai a lokacin ta kalli babban yatsanta.

*

Ba a daɗe ba aka kira ta ofishin Farfesa. Ta zauna a bakin kujera.

"Sa'a ce ta kawo ƙwayar nan gabanki," in ji Farfesa. "Kada kanki ya kumbura. Amma riƙe ta da kika yi daga farko har ƙarshe ba ta zame ba, wannan ba sa'a ba ce. Abokin takararki ya yi aiki mai tsafta, babu abin da zan kushe. Naki ya fi. Kwamiti bai ko yi gardama ba."

Auta ta runtse ido.

"Akwai ƙaramin gilashi a jikin ƙofar can," Farfesa ta ci gaba. "Na leƙa ki da farko. Na ga inda kika ɗora yatsa."

Kunya ta rufe ta.

"Ranki ya daɗe, ni..."

"Ban tambaye ki ba. Na tsufa a sashen nan, na san wa yake ajiye wa wa kujera a taro. Na kuma ji sharaɗin mahaifinki, don bangon ɗakin gwaje-gwaje ba shi da kauri." Ta ɗora tabarau a hanci. "Ƙa'idata ce, kafin in aika suna sama sai na tambayi mai shi ko ya karɓa. Ba na son wanda zai zauna a ɗakin can zuciyarsa tana wani wuri. In kika ce a'a, sunan na biyu zan aika. Abin da aka faɗa a ofishin nan a nan yake mutuwa. Mahaifinki ba zai ji ba, shi ma yaron ba zai ji daga bakina ba."

Ga ƙofa nan an buɗe mata, fiye da yadda ta roƙa. Ba sai ta murƙushe komai ba. Kalma ɗaya ce, Dogo ya samu aiki, Abba ya cika alkawari, Injiniya ya tattara turarensa ya ƙara gaba.

Ta buɗe baki.

Ta tuna da hannun rigarsa da ba ya kai wuyan hannu. Ta tuna yadda ya juya baya yana gyara faranti don kada ta ga idonsa. Tana son sa, wallahi tana son sa, ko yanzu aka tsaga ƙirjinta shi za a gani.

Amma a bayan idonta koren hasken nan bai mutu ba. Akwai dubban ƙwayoyi a saiwar nan da ba ta duba ba. Akwai tambayoyi da suka taso mata tana zaune a wurin, me ya sa wannan ta rabu maƙwabciyarta ba ta rabu ba, me yake gaya musu lokaci ya yi, me zai faru in ruwa ya yanke musu. In ta ce a'a, ƙofar can za ta rufe, ta koma kallo ta bayan kafaɗar wani har ta tsufa.

"Ina jin ki," in ji Farfesa.

Hawaye suna zuba, amma kalmar ta fito sarai.

"Na karɓa."

Ba za ta iya laɓewa bayan Abba ba, don Abba ba ya ɗakin. Babu wanda ya tilasta mata. Ita ta faɗa.

Farfesa ta daɗe tana kallonta, sannan ta gyaɗa kai.

"Allah ya ba ki ikon ɗauka. Je ki."

*

Dogo yana nan a bencin. Da ya ga ta fito ya miƙe tsaye, ya kalli fuskarta, bai tambayi sakamako ba.

"Malam, ka yafe min," ta ce. "Na shiga da niyyar faɗuwa, wallahi da niyyar faɗuwa na shiga. Kuma yanzu Farfesa ta ba ni zaɓi. Ta ce in na ƙi, kai za a ba. Babu wanda zai sani."

Ya tsura mata ido.

"Na ce na karɓa."

Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙarshen baranda, ya dawo da ido kanta.

"Da ba ki gaya min wannan ba, da na fi samun barci."

"Ba zan iya ɓoye maka ba."

"Na sani." Ya ja dogon numfashi. "Na ji 'yan kwamiti suna magana da suka fito. Da gaske kin gan ta tana rabuwa? Da ranta?"

"Daga farko har ƙarshe."

"Har bangon?"

"Har bangon. Daga tsakiya yake farowa, Malam. Kamar yadda aka rubuta, amma ba kamar yadda aka rubuta ba. Ban san yadda zan gaya maka ba."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Fuskarsa ta yi haske kamar ya manta abin da ya same shi. "Duk shekarun nan ban taɓa dacewa ba. Da ni ne, Auta, ban san me zan ce wa Farfesa ba. Ina jin abin da kika ce zan ce."

Wannan ya fi mata ciwo a kan da zaginta ya yi.

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta ciro. Abba ne.

"Ɗauka," in ji Dogo.

Ta ɗauka. Muryar Abba mai ƙarfi ce, a barandar da babu kowa har Dogo yana ji.

"Auta, yaya ake ciki? Wa ya samu?"

"Ni ce, Abba."

Ta ji ya yi hamdala, ta ji yana ƙwala wa Umma kira, ta ji muryarsa tana rawa irin ta uban da ya ga wahalarsa ta yi rana. Sannan ya tambaye ta:

"Yaron nan yana kusa da ke?"

"Yana nan."

"Ki ce ina gaishe shi. Ki ce na san ya yi ƙoƙari, Allah ya buɗa masa a wani wurin." Ya sassauta murya. "Ki dawo gida da wuri. Mahaifin Injiniya ya ce zai shigo da yamma."

Wayar ta katse.

Dogo ya cire farar rigarsa, ya ninke ta a hankali, ya ɗora a hannu.

"Ina amsawa," ya ce. "Ki ce masa ina amsawa."